Tazkiyyar Shaida a Ɗakin Gwaji: Maƙala a kan Makarɓan Ɗaci da Amanar Mai Bincike

Da sunan Allah nake farawa, Mai yalwar rahama ga bayinSa. Godiya ta tabbata gare Shi, Wanda Ya ƙagi ɗan Adam Ya kyautata ƙirarsa, Ya ba shi harshe guda da zai yi zikiri da shi, ya yi zance da shi, ya kuma rarrabe zaƙi da ɗaci da shi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, mai gaskiya abin gaskatawa, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai neman sani, Allah Ya datar da mu da kai. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma maganar haka take a kasuwa da gona da zauren sulhu. Amma akwai fagen ilimi inda abin da ake nema ya yi ƙanƙantar da ido ba ya kaiwa gare shi, ko da an taimaka masa da madubin ƙara girma, sai an tura wani abu ya je ya nemo shi ya sa masa alama. A irin wannan fage, abin da mai bincike yake kira gani labari ne aka kawo masa, kuma kowane labari sai an binciki mai kawo shi. Wannan maƙala a kan haka take. Za ta yi magana a kan ƙananan furotin da Allah Ya dasa a jikin mutum don jin ɗaci, da kayan aikin da masana suke nemo su da shi, wato antibodi, da nauyin da ke wuyan duk wanda ya karɓi shaidar wannan kayan aiki ya yaɗa ta ga mutane.

Fasali na farko: ni'imar da ke cikin ɗaci

Ka sani cewa ɗanɗanon da masana suka haɗu a kansu biyar ne: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, da garɗin nama ko romo. Huɗu daga cikinsu yawanci kira ne zuwa ga abin da jiki ke bukata ko kuma ma'auni ne na yawansa. Ɗaci shi ne mai tsaron ƙofa. Yawancin dafin da tsirrai ke ajiyewa a ganye da saiwa da ɓawo don kare kansu ɗaci gare shi, shi ya sa jariri da bai san komai na duniya ba, da an ɗiga masa abu mai ɗaci sai ya yamutsa fuska ya turo harshe. Babu wanda ya koya masa. Manomin rogo ma ya san cewa rogo mai ɗaci ba a dafa shi a ci kai tsaye, sai an jiƙa an tsane an shanya, domin yana ɗauke da sinadarin da ke sakin guba mai kisa. Harshe ne ya fara sanar da kakanninmu wannan tun kafin a san sunan gubar.

Sai dai hikimar Ubangiji ta sa magani da guba suna maƙwabtaka. Sassaƙen maɗaci da ganyen dogon yaro da shuwaka da garahuni duk masu ɗaci ne, kuma mutanenmu sun daɗe suna amfani da su a abinci ko a magani. Kwinin da aka yi shekaru ana yaƙar zazzaɓin cizon sauro da shi daga ɓawon itace ya fito. Ɗacin yana cewa ka tsaya ka yi tunani, ka san abin da kake shigarwa cikinka da gwargwadonsa.

A can ƙuryar harshe akwai wasu 'yan tuddai masu da'ira, tsakanin 8 zuwa 12, sun jeru kamar kusurwa. A gefensu, da kuma wasu sassan harshe da ganɗa, akwai ƙulle-ƙullen ɗanɗano, kowane ƙulli ƙunshe da ƙwayoyin jiki kimanin 50 zuwa 100. A fatar wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi ne makarɓan ɗaci suke zaune. Idan sinadari mai ɗaci ya narke a miyau ya taɓa makarɓi, sai makarɓin ya motsa wani furotin da ke maƙale da shi daga ciki mai suna gustducin, wanda Robert Margolskee da abokan aikinsa suka gano a 1992. Daga nan sai kalsiyam ya ɓarke a cikin ƙwayar, ƙwayar ta saki saƙo ga jijiya, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. Duk wannan yana gudana kafin mai cin goro ya gama rufe baki. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya tsara wannan ba tare da wani ya taya Shi ba.

Fasali na biyu: yadda aka kai ga sanin makarɓan

A 1931 wani masanin sinadarai a Amurka mai suna Arthur Fox yana zuba garin wani sinadari da ake taƙaita sunansa da PTC a cikin kwalba, sai ƙurarsa ta tashi. Abokin aikinsa da ke kusa ya koka da tsananin ɗaci, shi kuwa Fox da ya fi kusa da kwalbar bai ji komai ba. Suka ɗanɗana garin, aka sake samun haka. Da aka gwada mutane da yawa, sai aka ga kusan bakwai cikin goma suna jin ɗacin, sauran kuwa kamar sun lashi alli, kuma abin gado ne. Daga nan aka gane cewa mutane biyu za su ci abu ɗaya, ɗaya ya ce da ɗaci, ɗaya ya ce babu, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa.

An shafe kusan shekara 70 kafin a ga tushen al'amarin. A shekarar 2000 ayarin Charles Zuker da Nicholas Ryba, da kuma ayarin Linda Buck, suka bayyana dangin ƙwayoyin gadon da ke ƙera makarɓan ɗaci. Yau ana kiran dangin TAS2R, kuma mutum yana da kimanin 25 masu aiki, a jere a kan kuromosom na 5 da na 7 da na 12. Ɓera yana da kimanin 35, kaza kuwa 3 kacal. A 2003 ayarin Dennis Drayna ya nuna cewa makarɓi mai lamba TAS2R38 shi ne mai jin PTC, kuma bambancin tubali uku a ginin furotin ɗin ne ya raba Fox da abokinsa. Daga baya binciken ayarin Sarah Tishkoff ya nuna cewa al'ummomin Afirka suna ɗauke da nau'o'in wannan makarɓi fiye da na sauran nahiyoyi.

Ta yaya makarɓai 25 za su gane ɗaruruwan abubuwa masu ɗaci? Wolfgang Meyerhof da Maik Behrens da abokansu a cibiyar binciken abinci da ke kusa da Potsdam a Jamus sun gwada sinadarai 104 a kan makarɓan gaba ɗaya, suka buga sakamakon a 2010. Suka ga wasu makarɓan masu faɗin hannu ne, musamman TAS2R10 da TAS2R14 da TAS2R46, kowannensu yana amsa wa abubuwa barkatai. Wasu kuwa ba su amsa sai ga dangi ɗaya na sinadari. Kwinin shi kaɗai yana motsa makarɓai 9, sinadarin kafin da ke cikin goro da gahawa kuwa yana motsa 5.

Fasali na uku: ɗanɗano a inda babu harshe

Da a harshe kaɗai abin ya tsaya, da ya zama ilimin masu girki da masu haɗa maganin yara. Amma sai alamun waɗannan makarɓai suka fara ɓullowa a wuraren da ba a zata ba. Tun 2002 aka ruwaito su a ciki da hanji. A 2009 ayarin Michael Welsh a Jami'ar Iowa ya ruwaito su a kan 'yan gashin da ke share hanyar numfashi, kuma abu mai ɗaci yana sa gashin ya ƙara saurin kaɗawa. A 2010 Deepak Deshpande da Stephen Liggett a Jami'ar Maryland suka ruwaito cewa sinadarai masu ɗaci, har da kulorokwin, suna sassauta tsokar da ke matse bututun huhu, tsokar da ke shaƙe mai asma. A 2012 Robert Lee da Noam Cohen a Jami'ar Pennsylvania suka nuna cewa TAS2R38 da ke cikin kogon hanci yana jin sinadaran da wasu ƙwayoyin cuta ke aika wa junansu, sai ya tayar da kariyar jiki, kuma masu nau'in makarɓin da ba ya jin PTC sun fi fama da cutar hanci da irin waɗannan ƙwayoyin cuta ke kawowa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan labarai ƙofa ce ta magani da ake fatan Allah Ya buɗe. Kuma kowannensu ya rataya a kan tambaya ɗaya: shin makarɓin yana nan da gaske, a wace ƙwaya, a wane ɓangarenta? Ƙwayar gado tana rubuta saƙo, saƙon ne ake karantawa a ƙera furotin. Gano saƙon a cikin tsoka yana da sauƙi, amma samun saƙo bai tabbatar da cewa an ƙera furotin ɗin ya isa mazauninsa ba. Don ganin furotin ɗin kansa ne ake bukatar antibodi.

Fasali na huɗu: mene ne antibodi, kuma yaya ake aiki da shi

Antibodi furotin ne na garkuwar jiki. Idan baƙon abu ya shiga jini, wasu fararen ƙwayoyin jini suna ƙera furotin mai hannu biyu wanda bakinsa ya dace da wani ɗan yanki na baƙon, sai ya kama shi ya riƙe. Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo ne suka nuna a 1890 cewa ruwan jinin dabbar da ta haɗu da dafin cuta yana ɗauke da abin da ke karya dafin. A 1941 Albert Coons ya liƙa wa antibodi rini mai ƙyalli, ya zama duk inda antibodin ya maƙale a cikin tsoka sai wurin ya haskaka. A 1975 Georges Köhler da César Milstein a Cambridge ta Ingila suka gano yadda za a raya ƙwaya guda ta riƙa zubo antibodi iri ɗaya tak ba yankewa, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1984.

Mai son antibodi a kan makarɓin ɗaci yakan zaɓi wani gajeren yanki na furotin ɗin, tubali 15 ko 20, a haɗa shi a ɗakin gwaji, a yi wa zomo ko akuya allurarsa sau da yawa cikin makonni, sannan a ɗebi jinin dabbar a tace. Abin da aka tace shi ake sayarwa a 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba, da takarda mai cewa wannan yana gane makarɓi kaza.

Ga yadda aikin yake a hannu. Ana samun ɗan guntun tudun bayan harshe da aka cire a tiyata da yardar majiyyaci. A daskarar da shi, a yanka shi siriri har ya fi gashin kai siranta sau da yawa, a shimfiɗa a kan gilashi. A jiƙa shi da ruwan jini na wata dabba don toshe wuraren da komai zai iya liƙewa. A ɗiga antibodin da aka tsarma, a rufe, a kwana da shi a firji. Da safe a wanke, a sake wankewa, sannan a ɗiga antibodi na biyu mai ɗauke da rini, wanda aikinsa ya kama na farkon. A sake wankewa. Sai a shiga ɗaki mai duhu, a ɗora gilashin a ƙarƙashin madubi, a kunna haske. A cikin baƙin fili sai ga wasu ƙwayoyi dogaye masu tsinin kai suna walƙiya kore shar. Duk wanda ya ga wannan zuciyarsa za ta raya masa cewa ya ga makarɓin ɗaci da idonsa.

A nan ne ake bukatar natsuwa. Abin da idon ya gani rini ne. Rinin yana cewa antibodi na biyu ya kama na farko, na farkon kuma ya kama wani abu. Mene ne wannan abu? Takardar kwalba ce kaɗai ta faɗa. Ka ga ashe isnadi ne mai mutum uku, kuma an karɓi antibodin farko ba tare da an tambayi halinsa ba.

Fasali na biyar: inda shaidar ke tuntuɓe

Makarɓan ɗaci suna cikin babban dangin furotin da ke ratsa fatar ƙwaya sau 7. Mafi yawan jikinsu a nutse yake cikin maiƙon fatar, ɗan abin da ya leƙo waje kaɗan ne, saboda haka antibodi ba ya samun wurin kamawa mai yawa. Yawansu a cikin ƙwaya ma kaɗan ne ƙwarai, musamman a wajen harshe. Ga shi kuma wasunsu sun yi kama da juna matuƙa, kamar TAS2R43 da TAS2R31, har antibodin da aka yi don ɗaya yana iya kama ɗan'uwansa. Yankin da aka yi wa zomo allurarsa miƙaƙƙen zare ne, amma a cikin ƙwaya mai rai furotin ɗin a naɗe yake, wataƙila yankin ya ɓuya a ciki. Idan antibodi bai sami abin da aka aike shi nema ba, ba lallai ya dawo hannu sake ba. Yakan maƙale wa wani furotin mai yawa da ya ɗan yi kama da shi, rinin kuma ya haskaka kamar yadda zai haskaka da an kama na gaskiya.

Masana sun auna girman wannan matsala. A 2009 Martin Michel da abokansa suka tattara binciken da aka yi a kan antibodi 49 da ake sayarwa don makarɓai 19, yawancinsu na wannan babban dangi, suka nuna cewa ba su keɓanta ga abin da aka ce suna ganewa ba. A 2017 wasu masana a Suwidin suka gwada antibodi 13 da ake amfani da su wajen neman wani makarɓin sinadarin mata da ake kira ER-beta, sai ɗaya tak ya tsallake, alhali an gina rubuce-rubuce masu yawa a kan ciwon dajin mama bisa waɗanda suka faɗi. A 2023 ayarin YCharOS da ke Jami'ar McGill a Kanada ya buga gwajin antibodi 614 a kan furotin 65. Fiye da rabinsu sun gaza a aƙalla hanya ɗaya ta aiki, kuma an tarar da ɗaruruwan maƙalolin da aka riga aka buga da antibodin da bai gane abin da aka ce yana ganewa ba.

Dubi ɓarnar da ke biyo baya. Ɗalibi ya ƙarar da shekarun karatunsa yana bin sawun furotin a tsokar da babu shi. Dukiyar al'umma ta salwanta. An zubar da jinin dabbobi ba tare da amfani ba, alhali za a tambaye mu game da su. An yi wasa da guntun naman da majiyyaci ya bayar da kyakkyawar niyya. Mafi muni, kuskuren ya shiga littafi, na baya ya ɗauka daga na gaba, har ya zama abin da kowa ya sani. Yawancin masu wannan aiki ba maƙaryata ba ne. Sun yarda ne da shaidar da ba a tantance ba, saboda ta faɗi abin da ransu yake so.

Fasali na shida: tazkiyya

Mu Musulmi ba baƙi ba ne a wannan babi. Alƙur'ani mai girma a Suratul Hujurati ya umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Alƙalanmu na mazhabar Malikiyya, masu karanta Risala da Mukhtasar da Tuhfa, ba sa yanke hukunci da shaidar wanda ba a san halinsa ba sai an yi masa tazkiyya. Malaman hadisi irin su Shu'uba da Yahaya ɗan Ma'in da Ibn Abi Hatim sun ƙarar da rayuwarsu suna auna maruwaita, suna neman adalci da kiyayewa a tare, domin sun san mutumin kirki ma yana iya ruɗewa. Sun kai ga cewa maruwaici ɗaya yana iya zama abin dogaro a wani wuri mai rauni a wani, kamar Isma'ila ɗan Ayyash da suka karɓi ruwayarsa daga mutanen Sham suka raunana ta daga waɗansunsu. Sun kuma lura da wanda ƙwaƙwalwarsa ta rikice a ƙarshen rayuwa, suka rarrabe abin da ya faɗa kafin rikicewar da bayanta.

Haka antibodi yake. Wanda ya yi gaskiya a kan furotin da aka warware aka shimfiɗa a takardar gwaji yana iya ƙarya a yankan tsoka. Wanda ya yi gaskiya a harshe yana iya ƙarya a huhu. Wanda aka tace daga zomon bana ba shi ne na zomon baɗi ba, ko da sunan da ke jikin kwalbar bai canza ba.

A 2016 wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ƙarƙashin jagorancin Mathias Uhlén ya shimfiɗa hanyoyi 5 na tantancewa. Ta farko, kuma mafi ƙarfi, a kashe ƙwayar gadon da ke ƙera furotin ɗin, sannan a sake ɗiga antibodin. Idan hasken bai gushe ba, shaidar zur ce. Ta biyu, a auna furotin ɗin ko saƙonsa ta wata hanyar da ba ruwanta da antibodi, a ga ko sakamakon ya tafi tare. Ta uku, a kawo wani antibodin da ke kama wani yanki daban na furotin ɗin, a ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Ta huɗu, a dasa furotin ɗin da wata sananniyar alama a jikinsa cikin ƙwayoyin da ba su da shi, a ga ko hasken antibodin ya faɗa daidai kan alamar. Ta biyar, a sa antibodin ya kamo abin da zai kamo, sannan a kai abin na'urar da ke auna nauyin gutsattsarin furotin ta faɗi ko wane ne.

Akwai wani tsohon gwaji da mutane da yawa suke wadatuwa da shi: a gauraya antibodin da ɗan yankin da aka yi wa zomo allurarsa, idan hasken ya ɓace sai a ce an tabbatar. Wannan bai isa ba. Abin da ya nuna kawai shi ne antibodin yana son yankin da aka haife shi a kansa, bai nuna cewa ba ya son wani abu dabam a cikin tsoka ba. Shaida ne ya yi wa kansa tazkiyya.

A babin makarɓan ɗaci hanyar farko tana da wuya, domin makarɓan mutum da yawa ba su da takwara ɗaya tilo a jikin ɓera, balle a kashe ta a can a gwada. Ibn Sina ya riga ya yi gargaɗi a cikin Ƙanun, inda ya jera sharuɗɗa 7 na gwada magani, cewa abin da aka gani a jikin dabba ba lallai ya tabbata a jikin mutum ba. Saboda haka masu wannan fanni suka fi dogara da hanya ta huɗu. Sukan dasa makarɓan ɗaya bayan ɗaya a cikin ƙwayoyin da ake rainonsu a faranti, kowanne da alamarsa, sannan su bi su da antibodin, su ga ko ya kama nasa ya bar sauran. Da irin wannan haƙuri ne Behrens da Meyerhof da abokansu suka tantance wani antibodi na TAS2R38, suka nuna furotin ɗin a ƙwayoyin ɗanɗano na harshen mutum a 2012, shekara 12 bayan gano dangin. Tsawon wannan jira ya ishe ka sanin wuyar aikin. Binciken Lee da Cohen na hanci ma ƙarfinsa bai tsaya a kan hoto mai ƙyalli ba. Sun haɗa shi da auna aikin ƙwayoyin, da danne ƙwayar gadon, da duba nau'in makarɓin da majiyyata suka gada. Shaidu ne daga hanyoyi mabambanta suka haɗu a kan magana ɗaya.

Fasali na bakwai: sauƙin da Allah Ya kawo

Ubangiji bai bar masu neman gaskiya cikin ƙunci ba. Yanzu ana iya karanta jerin tubalan antibodi a ajiye, a riƙa ƙera shi iri ɗaya a ko'ina ba tare da an koma ga zomo ba, kuma gwajin Kanada ya nuna irin waɗannan sun fi sauran inganci. Akwai kuma almakashin ƙwayar gado da ake kira CRISPR, wanda ya sa ana iya cire makarɓi daga ƙwayoyin mutum da ake raino a faranti, a sami ma'aunin da ɓera ya kasa bayarwa.

Wani sauƙin kuma daga raƙumi ya zo, dabbar da Alƙur'ani ya kira mu mu yi duba a kan halittarta. A 1993 masana a wata jami'a ta Brussels ta Beljiyam, ƙarƙashin Raymond Hamers, suka bayyana cewa jinin raƙumi yana ɗauke da wani antibodi mai sauƙin gini wanda babu irinsa a jikin mutum. Bakinsa ƙarami ne, yana shiga lungun da babban antibodi ba ya iya shiga. Da irin wannan, wanda aka samo daga lama, dangin raƙumi na Kudancin Amurka, Brian Kobilka da abokansa suka riƙe wani makarɓi na wannan babban dangi yana cikin aiki suka ɗauki siffarsa a 2011. A 2022 masana a Shanghai ta ƙasar Sin suka fitar da siffar makarɓin ɗaci na farko, TAS2R46, riƙe da gubar sitiriknin. A 2024 ayarin Bryan Roth a Amurka ya fitar da ta TAS2R14. Sanin siffar yana nuna wa mai ƙera antibodi wane yanki ne ya leƙo waje, wane ne kuma ya bambanta makarɓi da ɗan'uwansa.

Kammalawa

Ya kai mai bincike, ko kana Zariya ko Yamai ko wata ƙasa mai nisa, kwalbar da ka saya da kuɗi mai tsada ba ta zama hujja don tsadarta ba. Ka gwada ta kafin ka gina a kanta. Ka rubuta lambarta da lambar zubin da aka ɗebo ta, don na bayanka ya iya bin sawunka. Idan ta gaza, ka bayyana gazawar, domin ɓoye aibin kaya ha'inci ne a kasuwa, a ilimi kuma ya fi muni. Gaskiya ɗaci gare ta, musamman ranar da hoton da ka yi watanni kana murna da shi ya rushe a gwajin tantancewa, amma wanda ya bar ƙarya don Allah bai yi asara ba.

Ya kai malami mai duba aikin ɗalibi, ka tambaye shi ina hujjar cewa antibodinsa yana gane abin da ya ce, kuma ka yaba masa idan ya kawo maka sakamakon da ya saɓa wa fatanka.

Ya kai mai karatu da ba ruwanka da ɗakin gwaji, kai ma kana da rabo. Idan ka ji an ce an gano makarɓan ɗaci a huhu, kada ka bari wani ya sayar maka da jiƙo mai ɗaci da sunan maganin asma, kada kuma ka sha kulorokwin ba da umarnin likita ba, domin yawansa yana kashewa. Wannan ilimi yana matakin bincike ne, kuma tsakanin faranti da gadon majiyyaci akwai tafiya mai nisa.

Ya Allah, Ka sanar da mu abin da zai amfane mu, Ka amfanar da mu da abin da Ka sanar da mu. Ka tsare harsunanmu da alƙalumanmu daga faɗin abin da ba mu tabbatar ba. Ka ba masu bincike haƙuri da tsoronKa a ɓoye da bayyane, Ka sanya waraka ga marasa lafiya a cikin aikinsu. Allah ne Mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.